Yadda ake fesa kiliya a kan sitikar ƙananan motoci ba tare da ta yamutse ba

Tambaya: Na haɗa ƙaramar motar tsere ta roba mai ma'aunin 1/24. Na yi mata fenti, na manna sitikun ruwan da suka zo da ita da yamma, washegari da safe na fesa kiliya (fenti marar launi da ake rufe aiki da shi) irin ta lakka da ƙaramar bindigar feshi don ta yi sheƙi. Kafin in ankara sitikar ƙofa ta yamutse, ta kan rufi ta yi ƙuraje, wasu kuma sun yi fari-fari a gefen rubutu. Inda bai lalace ba ma sheƙin bai fito ba, kuma bakin kowace sitika yana nan a fili. Me ya jawo haka, kuma yaya ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abin da ya same ka akwai ciwo, domin yakan zo ne a ƙarshen aiki, bayan mutum ya gama zuba lokacinsa da idonsa. Amma duk abubuwan da ka lissafa sanannu ne, kuma kowanne akwai maganinsa. Yamutsewa da ƙuraje tushensu guda: tina, wato ruwan sirka fenti, da ke cikin kiliya ta kwanta a jiƙe a kan sitikar da ba ta gama bushewa ba. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Ka fara da sanin abin da kake fesawa a kai. Sitikar ruwa hawa-hawa ce. Akwai takarda a ƙasa, a kanta akwai gam mai narkewa a ruwa, sai tawadar zanen tare da wata fata siririya marar launi da ke riƙe da ita. Wannan fatar ba ta da kauri ko kaɗan, kuma irin tinar da ke narkar da lakka tana tausasa ta. Idan tina ta yi yawa a kanta sai ta kumbura, ta nemi faɗaɗa, alhali gam ya riƙe ta a wasu wuraren, sai ta tattare. Ƙurajen kuwa daga ƙasa suke tasowa. Ruwan da ka jiƙa sitika da shi ba ya da mafita sai ta gefe, don haka babbar sitika irin ta rufi ko ta gefen mota takan bushe a sama tun tsakiyarta na da danshi. Ka rufe ta da kiliya, fatar ta yi laushi, danshi da iskar da ke ƙasa suka tura ta sama. Dare ɗaya bai isa ba. Mafi ƙaranci awa 24, manyan sitiku awa 48, kuma in da ruwan sama ake yi ko ɗakin yana da sanyi, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu, ba abin da za ka rasa.

Farin da kake gani a gefen rubutu kuwa ya riga kiliya zuwa. Iska ce ta maƙale tsakanin fatar sitika da fenti. Fentin da ba ya sheƙi, ko wanda ya bushe da kaushi, yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Fatar takan hau kan tudun ta bar ramin, haske ya shiga ya dawo, sai wurin ya yi fari kamar azurfa. Mutane da yawa suna fesa kiliya da fatan za ta ɓatar da shi, alhali rufe shi take yi har abada. Saboda haka sitika a kan sumul mai sheƙi ake manna ta. In fentinka bai yi sheƙi ba, ka fesa kiliya siririya tukuna, ta bushe, kana ka manna. Fenti mai ƙyalli irin na ƙarfe ma haka, kiliyar farko tana kare ƙwayoyin ƙyallin kada su motsa daga baya. Wajen mannawa ka yi amfani da ruwan kwantar da sitika. Na kamfanin Microscale biyu ne: Micro Set da ake shafawa a ƙasa kafin a ɗora, da Micro Sol da ake shafawa a sama don ta yi laushi ta bi lanƙwasar bodi. Mr. Mark Setter da Mr. Mark Softer aikinsu ke nan, haka ma Mark Fit na Tamiya. Idan ka shafa na saman za ka ga sitikar ta tattare kamar ta lalace. Kada ka taɓa ta, da kanta za ta miƙe in ta bushe. Kafin nan, da tsinken auduga mai ɗan danshi kake murza ruwa daga tsakiya zuwa gefe. Bayan ta bushe, ka ɗaga bodin ka karkata shi a gaban fitila. Duk inda ka ga fari ko ƙurji, ka huda shi da tsinin allura, ka ɗiga ruwan laushi, ka sake jira. Inda sitika ta haye layin ƙofa ko na bonet, ka tsaga ta da sabuwar reza ta faɗa cikin layin, domin gadar da ta yi a kan rami ita ce wurin da tina ke fara ci.

Akwai aiki ɗaya da ake yawan tsallakewa: wanke bodi. Gam da ruwan kwantarwa suna barin tabo a kewayen sitika, wanda sai an fesa kiliya yake fitowa sosai. In sitika ta bushe, ka goge bodin a hankali da tsumma mai laushi da ruwa mai ɗigon sabulu, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe sarai, har cikin layukan ƙofa inda ruwa ke ɓuya. Daga nan kada yatsanka ya sake taɓa shi. Ka kafa shi a kan mariƙi ta ciki.

Kiliyar da ake amfani da ita a wannan aiki iri uku ce. Akwai akirilik mai ruwa, irin Aqua Gloss na Alclad, wadda ba ta cutar da sitika amma ba ta kai sauran tauri ba, kuma gogewa ba ta karɓarta sosai. X-22 na Tamiya akirilik ce ita ma, sai dai halinta ya danganta da abin da ka sirka ta da shi: da tinarta ta X-20A tana da sanyi ga sitika, da tinar lakka kuwa ta fi kwanciya da sheƙi amma ta ƙara zafi, wato ta fi cin sitika. Sai lakka, irin GX100 na Mr. Color da LP-9 na Tamiya, mai saurin bushewa, mai tauri, mai karɓar gogewa, kuma ita ce mai zafin da ya ƙone ka. Ta uku ita ce 2K, wadda ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke taurar da ita, zan dawo kanta. Ni lakka nake ba mutum shawara ya koya, duk da zafinta, domin in ka iya ta ka iya sauran, kuma ana iya gyara kuskurenta. Sharaɗi guda: ka san fentin da ke ƙasa. Lakka a kan fentin inamel takan tayar da shi ya tattare gaba ɗaya. In da inamel ka yi launin, ka tsaya ga akirilik mai ruwa, kuma sai inamel ɗin ya daɗe da bushewa.

Kafin bindiga ta kalli motar, ka gwada a kan cokalin roba. Ka yi masa fenti iri ɗaya da na motar, ka manna ragowar sitika daga takardar nan dai, ka fesa kiliyar yadda za ka fesa wa motar. Sitiku ba halinsu ɗaya ba. Waɗanda Cartograf na Italiya ke bugawa an san su da kyau da juriya, wasu kuma suna da kauri, wasu tsufa ya sa sun yi rauni. Wadda mutum ya buga da kansa a firinta mai tawadar ruwa kuwa sai an rufe ta da kiliya tun tana kan takarda, in ba haka ba tawadar za ta zube tun a ruwan jiƙo.

To, ga feshin kansa, kuma a nan nake so ka natsu. Bakin bindiga na milimita 0.3 zai yi, amma na 0.5 ya fi dacewa da bodin 1/24, domin yana rufe wuri da faɗi kafin gefe ɗaya ya bushe. Ƙarfin iska tsakanin psi 15 da 20 ya isa ga lakkar da aka sirka da kyau. Ka tabbatar akwai matarar ruwa a kan kwamfaresa, don ɗigo ɗaya da ya biyo tiyo ya isa ya ɓata rufin mota. GX100 tana son tina sosai, kashi ɗaya na kiliya da kashi ɗaya da rabi zuwa biyu na tina wuri ne mai kyau na farawa.

Hawa na farko hazo ne kawai. Ka ja da baya kamar santimita 15, ka buɗe allura kaɗan, ka wuce da sauri, yadda kiliyar za ta sauka ta kusa bushewa. Bodin zai dushe, ya yi ɗan kaushi, ya fi muni a ido fiye da kafin ka fara. Haka ake so. A nan ne yawancin mutane ke faɗawa, domin ido yana neman sheƙi, hannu sai ya ƙara dannawa. In ka ga sitika ta yi ƙyallin jiƙa a hawa na farko, ka zuba da yawa. Ka ajiye bindiga minti 15 zuwa 20, tinar ta fita, ka sake wani hazon, ka sake jira, ka yi na uku. Abin da kake ginawa garkuwa ce: siririn hawa busasshe wanda zai tare tinar hawa mai nauyi, ta ƙare ƙarfinta a kansa kafin ta kai ga fatar sitika. Ka kula da gefunan sitika musamman, ta nan tina ke kutsawa ƙasa. Ga hazo, tina ta yau da kullum ta fi, mai saurin fita. Mai jinkirin bushewa irin Mr. Color Leveling Thinner an yi ta ne don ta daɗe a jiƙe kiliya ta kwanta, abin da kake so a ƙarshe ke nan, ba a farko ba. Bayan hazo na uku, ra'ayina ka bar motar ta kwana. Wasu suna ci gaba bayan awa ɗaya kuma yana yi musu, amma ga motar da sitika ta rufe rabin jikinta, ba na ganin dalilin yin caca.

Washegari sai hawa matsakaici: ka matso kaɗan, ka rage sauri, sheƙi ya fara fitowa amma bai kwanta ba. Ka yi ɗaya ko biyu, da rabin awa a tsakani. Daga nan sai jiƙaƙƙen hawa. Ka matso kamar santimita 8 zuwa 10, ka fara feshi a wajen bodin ka ƙare a waje, kowane layi ya hau rabin na baya. Ka sa fitila a gefe yadda za ka riƙa ganin hasken a kan wurin da kake fesawa. Akwai lokacin da kaushin ke narkewa ya zama sumul a bayan bindiga, to a nan za ka tsaya. Ƙari kaɗan a kan haka sai ya zubo. Ka fara da wuraren da ke da wuyar shiga, ƙasan ƙofa, bakin taya, bamba, ka bar bonet da rufi a ƙarshe, don kada ƙurar feshi ta sauka a kansu bayan sun kwanta. Ko da garkuwar hazo, kada ka bar kiliya ta taru a kan sitika, musamman a kwari irin inda fenda ta haɗu da bonet. Hawa biyu jiƙaƙƙu sirara da awa ɗaya a tsakani sun fi ɗaya mai nauyi. Da ka gama, ka kifa kwali ko roba mai tsabta a kan motar, ka bar ɗan wurin fitar iska. In gashi ya faɗa tun tana jiƙe, ka bar shi, sanfefa za ta cire shi daga baya.

Rashin sheƙin da ka gani, wanda fuskar ke yin gurgunu kamar ɓawon lemo, alama ce kiliyar ta bushe kafin ta kwanta. Ko ta yi kauri, ko ka yi nisa, ko iska ta yi ƙarfi, ko ɗakin ya yi zafi. Ka ƙara tina mai jinkiri ka matso. Idan kuma fari ta yi kamar gajimare, danshin iska ne: tina na fita da sauri tana sanyaya fuskar, raɓa ta sauka a ciki. Ranar da iska ke da danshi sosai ba ranar lakka ba ce.

Saura bakin sitika. Kiliya ba ta cike tudu, bin sa take yi. Ko hawa goma ka yi, matakin yana nan, sai dai ya yi laushi. Hanyar ɓatar da shi ita ce a tara kiliya ta fi sitikar kauri, sannan a goge ta saman sitikar har ta yi daidai da ta gefe. Amma kada ka yi gaggawa. Lakka tana bushewa ne ta hanyar fitar tina, kuma tana ci gaba da tsukewa kwanaki bayan ta yi tauri a hannu. In ka goge ta da wuri za ka ga sumul a ranar, bayan mako biyu bakin sitikar ya dawo. Ka ba ta mako ɗaya aƙalla, biyu ya fi. Ka kai hanci kusa: muddin kana jin warin tina, da saura. Masu hanzarta bushewa da na'urar ɗumi suna tsayawa wajen digiri 40 na ma'aunin Celsius, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa robar.

Da sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 ake farawa, a jiƙe, a naɗe a kan wani abu mai faɗi kamar guntun magogin fensir. Yatsa kaɗai yana bin tudun, ba ya rage shi. Ka goga kaɗan, ka share, ka duba. Wurin zai dushe, amma za ka ga siririn zare mai sheƙi ya kewaye sitikar. Wannan zaren shi ne kwarin da sanfefa ba ta kai ba. In ya ɓace, ka gama, ka tsaya nan take. Ruwan gugar fari ya kamata ya zama. Da ka ga launi a ciki, ka huda kiliya, ka daina, ka ƙara hawa. Ka nisanci kusurwoyi da ƙashin bodi, kiliya ta fi siranta a can. Daga nan hanya biyu ce: ko ka wanke ka fesa hawa ɗaya na ƙarshe mai tina da yawa don ya narkar da karcen, ko ka bi sanfefa mai laushi sosai ta Micro-Mesh daki-daki har lamba 12000, sannan man gogewa na Tamiya, mai kaushi, mai laushi, da na gamawa. Ni nakan haɗa biyun, hawa na ƙarshe sannan gogewa mai sauƙi bayan ya bushe.

Game da 2K, irin ta Zero Paints ko Gravity Colors: tana taurarewa ne ta haɗuwar sinadarai, tsukewarta kaɗan ce, tana fita daga bindiga da sheƙi mai zurfi, kuma galibi ta fi lakka sauƙi ga sitika, ko da yake ita ma da hazo ake farawa. Ma'aunin haɗinta na kamfanin da ya yi ta za ka bi, kuma ka wanke bindiga da zarar ka gama, domin in ta daskare a ciki tina ba ta narkar da ita. Amma hadinarta tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke iya jawo asma ta dindindin, kuma mutum ba ya jin warinsa kafin ya yi illa. A garejin fenti da ke bin ƙa'ida, takunkumi mai kawo iska daga waje ake sawa saboda shi. Kada ka fesa ta a ɗakin kwana ko inda iyali suke, kuma in ba ka da wurin feshi mai fitar da iska waje, da safar hannu, da kariyar ido da ta numfashi da ta dace, ka haƙura da ita. Lakka ma tana bukatar takunkumi mai matatar tururin tina, na takarda ba ya tare komai, kuma a yi nesa da wuta.

Akwai kuma abin da nake so ka yi tunani a kai. 2K tana da kauri, tana cike layukan ƙofa, tana dusar da kaifin bodi, sai ƙaramar mota ta zama kamar an tsoma ta a gilashi. A motocin tsere na gaske na zamanin nan, yawancin tambarin kamfanoni sitika ce a saman fenti, kana ganin bakinta, wani lokaci ma sheƙinta ya bambanta da na bodi. Motocin shekarun 1960 kuwa ba su da irin zurfin sheƙin fentin yau. Don haka binne sitika gaba ɗaya zaɓi ne, ba dole ba. Motar titi ko ta baje koli tana son madubi. Motar tsere kuwa, a ganina, siririyar lakka mai tsabta ta fi yi mata kyau. In ka san za ka tara kiliya da yawa, ka zurfafa layukan ƙofa tun kafin fenti. Gilasan mota kada lakka ta taɓa su, tana cin su, haka sassan da aka yi wa fentin kurom sukan dushe a ƙarƙashinta.

Motar da ke hannunka yanzu, kada ka taɓa ta na kwana uku ko huɗu, wani yamutsin yakan ragu in tina ta fita. Ƙananan ƙuraje ana iya huda su, a ɗiga ruwan laushi, a danna a hankali, a ci gaba da hazo. Kaushin fuska sanfefa 3000 za ta gyara shi bayan ka ƙara hawa. Sitikar ƙofar da ta tattare sosai kuwa ba ta dawowa. In ita kaɗai ce, ka goge wurin har ya yi sumul, ka gyara fentin, ka nemi madadinta, domin kamfanoni da dama suna sayar da takardar sitika daban. In ɓarnar ta yi yawa, ka jiƙa bodin a cikin aisofurofil mai ƙarfi, wani irin sinadarin alkohol na goge-goge, yana cire akirilik da yawancin lakkar wannan aiki ba tare da ya ci robar ba, ka taimaka masa da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kuskura ka tsoma shi a tinar lakka, narkar da bodin za ta yi. In ya fita tas, ka wanke da sabulu, ya bushe, ka sake daga fentin tushe, kuma wannan karon ka yi wa cokalin gwaji fenti tare da shi.